Masu tura wa editoci rubutu a Gusau

Akwai wani shagon kwamfuta nan Tudun Wada da ke karɓar kuɗi su tura rubutunka ga editocin shafukan intanet. Gaskiya taifin ɗinsu tsaf yake, yaron shagon ma akwai haƙuri ko an ɗauke wuta yana tada janareto. Amma imel ɗin fa, iri ɗaya suke watsa wa kowa, ba sunan edita, kan saƙon "Barka da aiki" kawai, to wane edita zai buɗe wanga don Allah, galibi ma spam (akwatin saƙonnin banza) yake faɗawa. Gara ka buɗe Gmail ɗinka ka rubuta layi 5, ka faɗi maudu'in da dalilin da ya dace da shafin, ka liƙa adireshin intanet na tsohon rubutunka a ƙasa.