Hattara da masu sayar da CoS da "ƙarin wa'adin" bizar aikin Ingila

Assalamu alaikum jama'ar Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina, musamman iyayenmu masu 'ya'ya a Ingila. 'Yan koneshan sun sake salo. Da cewa suke za su fitar da yaro. Yanzu cewa suke ɗanku da ke can bizarsa ta kusa ƙarewa, ko kamfaninsa ya rasa lasisi, a turo kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, su samo masa sabuwar CoS, wato shaidar cewa wani kamfani ya ɗauki nauyinsa, a ƙara masa wa'adi. Wasu har takarda suke turowa ta WhatsApp, da tambarin gwamnatin Birtaniya a samanta.

CoS ba takarda ba ce da ake bugawa a miƙa wa mutum, kuma ba haja ba ce. Lamba ce da kamfani mai lasisin ɗaukar nauyin ma'aikata yake sanya wa mutum ɗaya, don aiki ɗaya, a cikin na'urar Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya. Sau ɗaya ake amfani da ita, kuma dole a nemi biza da ita cikin wata 3. Kuɗinta fam 525 ne tun Afrilun 2025, kamfani ke biya, kuma tun 31 ga Disamba 2024 an hana shi ɗora wa ma'aikaci. Duk wanda ya yanka maka farashin CoS, ko dai babu ita, ko kamfanin da ya sayar yana kan hanyar rasa lasisinsa, bizar ɗanka ta bi shi.

'Yan koneshan sukan ce ka duba sunan kamfanin a jerin masu lasisi da ke shafin gov.uk. Sunan yana nan kuwa. Amma jerin a buɗe yake ga kowa, daga nan ɗin ma macuta suke ɗebo sunaye. Abin yi shi ne a nemo lambar wayar kamfanin daga shafinsa na ainihi, kada a kira wadda dillali ya bayar, a tambayi ofishin ma'aikata ko sun san sunan yaron da lambar. In aikin kula da tsofaffi ne a Ingila, a duba ko kamfanin yana da rajista da CQC, hukumar da ke sa ido kan ayyukan lafiya da kula da tsofaffi.

Maganar aikin kula da tsofaffi, nan ne aka fi yi wa mutane yankan baya. Tun 22 ga Yuli 2025 aka rufe ɗaukar masu wannan aiki daga ƙasashen waje. Wanda yake zaune a Accra yau ba shi da ƙofar shiga ta nan, ko nawa ya biya. Waɗanda suke can ne aka bar wa damar ƙarin wa'adi da sauya kamfani har zuwa Yulin 2028, kuma mai son shiga daga wata biza dabam sai ya yi wa kamfanin aiki bisa ƙa'ida na aƙalla wata 3 tukuna. Tun 11 ga Maris 2024 kuma sababbin shiga ba sa tafiya da mata da yara. Sauran ayyukan ƙwararru, a yawancinsu mafi ƙarancin albashi ya kai fam 41,700 a shekara, aikin kuma ya zama na matakin digiri.

Ƙarin wa'adi kuwa ba abin da ake yi daga wani shago a unguwar Circle ta Accra ba ne. Ma'aikacin da kansa yake nema ta intanet yana cikin Birtaniya, da sabuwar CoS daga kamfaninsa, kafin tsohuwar bizar ta ƙare. In ya shigar a kan lokaci, zamansa halal ne har a yanke hukunci, wanda yakan ɗauki kamar mako 8. A wannan tsakani kada ya zo gida ko da rasuwa aka yi, Allah ya kiyaye, domin fitarsa daga yankin Birtaniya da Ailan tana soke buƙatar. Sauya kamfani ma haka: sabuwar CoS, sabuwar buƙata, kuma ba zai fara sabon aikin ba sai an amince. Dillalin da ya ce "fara kawai, takarda na tafe" ya tura yaro aikin haram ne a idon hukuma. Wanda ya shiga da bizar ziyara kuma ba a juya masa ita ta koma ta aiki a can. Sai ya dawo.

Abin da ke sa iyaye sayar da fili cikin gaggawa shi ne kwana 60. Idan aka ƙwace lasisin kamfani, akan rage bizar ma'aikaci zuwa kwana 60, ko abin da ya rage mata in bai kai haka ba. Ba ƙaramin abu ba ne: tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 an ƙwace lasisi fiye da 470 a fannin kula da tsofaffi, abin ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Macuta sun san da wannan firgici, shi ya sa kullum maganarsu "gurbi ɗaya ya rage". Alhali a Ingila akwai cibiyoyin yankuna da gwamnati ta tanada don haɗa irin waɗannan ma'aikata da sabon kamfani, kyauta.

Akwai wata dabara da ta fi muni, don ta yi kama da gaskiya. CoS ɗin ta gaske ce, bizar ta fito, amma aikin babu. Yaro ya riƙa kai wa kamfani kuɗi a hannu duk wata, su mayar masa ta banki da sunan albashi, shi kuma yana lallaɓawa wani wuri yana aikin ɓoye. Ma'aikatar Cikin Gida tana gwada bayanan albashi da na hukumar haraji ta HMRC. Ranar da asiri ya tonu, laifin yaudara a kan wanda ya sa hannu yake, ba a kan dillalin da ke Accra ba, kuma yana iya jawo haramcin shiga na shekara 10.

Kuɗin biza da harajin lafiya (harajin kaɗai fam 1,035 ne a shekara ga babba), a shafin gwamnati ake biyansu kai tsaye, masu bizar lafiya da kula da tsofaffi ma an yafe musu harajin. Kada a ba kowa kalmar sirrin asusun eVisa, wato bizar da ke kan intanet, kuma adireshin imel da ke kan buƙatar ya zama na yaron, don ta nan saƙon hukuma zai iya zuwa. Mai ba da shawarar shige da fice a Birtaniya sai lauya mai rajista ko wanda IAA, hukumar da ke sa ido kan masu ba da irin wannan shawara, ta amince da shi, a nemi lambar rajistarsa a duba.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta hana shi magana, kada kuma ya tsaya jiran sulhun dattawa har dillali ya sauya layi. Ya adana saƙonnin MoMo da hirarsu ta WhatsApp, ya kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana, ya sanar da kamfanin wayarsa nan take, sannan ya kai ƙara ofishin 'yan sandan CID ko EOCO, hukumar yaƙi da laifukan kuɗi.