BYU ko Jami'ar Utah: Inda Ɗalibin Mormon Zai Karanta Tattalin Arziki

Tsakanin Provo, inda Jami'ar Brigham Young (BYU) take, da Salt Lake City, inda Jami'ar Utah take, duka a jihar Utah ta Amurka, bai fi tafiyar awa guda a mota ba, amma rayuwar ɗalibi a jami'o'in biyu ta sha bamban.

BYU, da aka kafa a 1875, mallakar cocin Mormon ce, wato cocin mabiya wata ɗarikar addini mai hedkwata a Utah. Kuɗin karatu na mabiya yana da sauƙi, domin zakkar kashi ɗaya cikin goma da suke bayarwa ke tallafa mata. Ɗalibi yakan sa hannu cewa ba giya, ba kofi, ba shayi, ba zina. Abokansa kusan duk 'yan cocinsu ne, da yawa sun dawo daga wa'azin shekara biyu. Azumin wata-wata da ba mabukata kuɗin abincin da aka tsallake ba baƙon abu ba ne a ɗakin kwana.

Jami'ar Utah ta gwamnati ce, tun 1850. Sashen tattalin arzikinta ya yi suna wajen koyar da ra'ayoyin da ke sukar jari-hujja, har da na Karl Marx, jagoran aƙidar gurguzu.

Ni dai na fi son ta biyun ga mai son ya gwada aƙidarsa kan bashi da riba, domin can zai zauna da abokan da ba za su gyaɗa masa kai ba.