F1 TV Pro: kallo ya yi daɗi, amma ka fara bincika waye ke riƙe da haƙƙin haskawa a ƙasarku

Jama'a masu tambayata ko F1 TV Pro, manhajar kallon tseren motoci na Formula 1 ta intanet, ya cancanci kuɗinsa, amsa a taƙaice ita ce eh ya cancanta, in dai kai ɗin dama mayen tseren mota ne kuma ana sayar da shi a ƙasar da kake. Wannan sharaɗin na biyu shi ne inda gizo ke saƙar, zan zo kansa. Na jima ina amfani da shi tun bayan da na daina biyan wata tashar da nake kallon tsere a cikinta (ba sai na kama suna ba), wadda sai ka sayi babban kunshi mai tashoshi barkatai da ko leƙa su baka yi, duk saboda Lahadi ɗaya ɗaya da ake tsere.

Manhajar ta kamfanin Formula 1 ce da kansa, an fito da ita a 2018, shekara guda bayan kamfanin Liberty Media sun karɓi ragamar gasar sun ajiye tsohon shugabanta Bernie Ecclestone gefe. Hawa uku ce yanzu. Akwai Access, wannan babu tsere kai tsaye a ciki, sai lissafin lokaci da maimaici daga baya. Akwai Pro wanda nake kai, shi ne mai komai kai tsaye, atisayen Juma'a, neman gurbin farawa na Asabar, tseren Lahadi, ga ƙananan gasannin F2 da F3 a kan hanya. Sai Premium da suka ƙaro a 2025 mai hoton 4K da raba allo gida gida, shi kuma ba kowace na'ura ke ɗaukarsa ba, ni dai Pro ya ishe ni.

Abin da ya fi kama ni shi ne kyamarar cikin mota. Kowane direba yana da tasa, ka latsa sunansa kawai sai ka tsinci kanka a bayan kansa kana jin ƙarar injin kana jin abin da yake faɗa wa injiniyansa a rediyo, ba wai gutsuren da mai tace hoto ya zaɓo maka bayan zagaye biyu ba. Wallahi wannan kaɗai ya canza min yadda nake fahimtar tsere. Da can in aka ce wane ya shiga canjin taya da wuri sai dai in ce to Allah ya kyauta, yanzu kuwa zaka ji tun zagaye biyar baya yana ta ƙorafin tayoyin baya sun tafi, injiniya yana lallaɓa shi yana cewa ya daure ya ƙara uku, shi kuma yana cewa ba zai iya ba, to lokacin da motar ta karkata ta shiga layin gareji kai ka riga ka san dalili. Kuma masu fafatawa a tsakiya, na goma sha biyu da na goma sha uku waɗanda talabijin ba ta cika damuwa da su ba, wani lokacin a nan ake dambe na gaske alhali na gaba ya ba kowa tazarar daƙiƙa ashirin yana ta zagaye abinsa shi kaɗai.

Sai allon lissafi, wanda ke nuna tazarar kowa da kowa, lokacin kowane yanki na fili, irin tayar da ke ƙafar kowace mota da zagaye nawa ta yi. Da farko lambobin suna rikita mutum. Amma da zarar ka gane cewa shiga canjin taya yana cin daƙiƙa ashirin da wani abu a mafi yawan filaye, sai ka fara lissafi da kanka, in wannan ya shiga yanzu a bayan wa zai fito, kuma in motar tsaro, wadda ke rage wa kowa gudu in an yi haɗari, ta fito waye ya ci banza. Ni kan buɗe babban hoto a talabijin in ajiye lambobin a waya.

Masu sharhi ma zaɓi ne. Akwai nasu na gida, Alex Jacques da Jolyon Palmer, wani lokacin da David Coulthard, akwai kuma muryar tashar Sky ta Ingila, wato David Croft da Martin Brundle. Ni Palmer nake bi, mutumin bai yi wani abin a zo a gani ba lokacin da yake tuƙa wa Renault amma wajen bayani gwani ne, yana iya gaya maka dalilin da yasa birki ya kulle wa direba tun kafin a maimaita hoton. Croft kuma in kana son ihu da zafi to shi ne naka. Kana iya kashe su duka ka bar ƙarar motoci zalla, in kana da lasifika mai kyau gwada ka ji.

Babu talla a tsakiyar tsere. Yaran yanzu ba za su san darajar wannan ba. A 2005 a filin Imola na Italiya, Alonso na gaba Schumacher na manne da bayansa kamar zai haɗiye shi, saura 'yan zagaye a gama, sai tashar ITV ta Ingila ta tafi talla, har yau masu kallon can basu manta ba. Ko ESPN da suka karɓi gasar a Amurka a 2018, tseren farko na Ostireliya sun yi ta yanke shi da talla, aka yi musu ca har suka bada haƙuri suka koma nunawa babu yankewa. To a nan daga kashe fitilun fara tsere har tutar ƙarshe babu mai tallata maka komai. Rumbun tsofaffin tsere ma yana nan, ya koma har farkon shekarun 1980, wasu cikakku wasu a taƙaice, a hutun ƙarshen shekara shi nake bi.

Inda yake da ciwo kuwa, hoton da ke zuwa ta intanet kullum yana bayan ainihin abin da ke faruwa da wasu daƙiƙu, wannan ba na wani kamfani ɗaya bane haka yanayin abin yake. Sai ka ga lambobin waya sun riga hoto, ko wani aboki mai kallo ta tauraron ɗan adam ya turo maka "inna lillahi ya bugi bango" kai kuma motar tana nan lafiya lau a gabanka. Ka kife wayar ko ka rufe sanarwa. Data kuma yana sha ba wasa, tsere ɗaya awa ɗaya da rabi ne zuwa biyu, in aka ɗaga jar tuta aka dakatar da tsere ya fi haka, ga tsere har 24 a kakar 2024 da 2025, in natwok ɗinka mai tangal tangal ne to ka yi tunani sau biyu.

Yanzu ga maganar da na ce zan dawo kanta. Ba kowa ne zai iya sayen Pro ba ko da kuɗinsa a hannu, domin Formula 1 ƙasa ƙasa take sayar da haƙƙin haskawa, kuma duk inda wata tasha ta biya kuɗi mai kauri don ta zama ita kaɗai, to manhajar kamfanin da kansa ma sai ta ja da baya. Ingila ce babban misali. BBC ce ke nunawa kyauta har 1996, ITV ta karɓa daga 1997 zuwa 2008, ta koma BBC a 2009, sai a 2012 Sky ta shigo aka raba, BBC rabi kai tsaye Sky kuma duka. BBC ta ajiye a ƙarshen 2015, Channel 4 ta gaji rabin, daga 2019 kuwa Sky ta kwashe komai, abin da aka bar wa mai kallon kyauta shi ne tseren gida na Silverstone kai tsaye da taƙaitaccen maimaicin sauran. Ƙasar da mafi yawan ƙungiyoyin ke da masana'antunsu a cikinta kenan fa, ƙasar Hamilton, amma mutumin can ba zai iya sayen abin da nake kallo ba. Ranar 12 ga Disamba 2021 da Hamilton da Verstappen suka je tseren ƙarshe na kaka a Abu Dabi da maki iri ɗaya, 369.5 kowanne, sai da aka yi wata yarjejeniya ta musamman kafin Sky ta yarda Channel 4 ta haska wa kowa.

Na Jamus ya fi bani tsoro, don su har sun ɗanɗana. RTL ta yi ta nuna gasar kyauta daga 1991 har 2020, duk zamanin Schumacher da Vettel a kanta aka gani, kuma ana sayar da F1 TV Pro a can. Da Sky ta Jamus ta karɓi komai daga 2021 sai aka rufe ƙofa ga sababbin masu saye. Kai mai biyan manhaja kamar ɗan haya ne, ranar da maigida ya sayar da gidan ba shawararka za a nema ba, sai dai ka ji sanarwa. Faransa tun 2013 gasar ta bar TF1 ta kyauta ta koma Canal+ ta biyan kuɗi. A Holan ta bar tashar Ziggo ta koma Viaplay a 2022, daidai lokacin da Verstappen ya zama zakara kowa ke son gani.

Na Amurka kuma wani salo ne. NBC ta riƙe daga 2013 zuwa 2017 ta saki, kuma dalilin da ta bayar shi ne ba za ta yi gogayya da manhajar da mai gasar ke shirin fitowa da ita ba, wato wannan dai da muke magana a kanta. ESPN ta ɗauka tana aro hoton Sky da masu sharhinsu, gasar ta yi ta bunƙasa a can har tsere ya zama uku, Austin da Miami da Las Vegas. Sai a Oktoban 2025 aka sanar Apple ta saye na shekara biyar daga 2026, rahotanni suka ce wajen dala miliyan 140 duk shekara, kuma F1 TV a can ya koma cikin kunshin Apple TV, ba a sayar da shi shi kaɗai. Sun dai ce atisaye da wasu zaɓaɓɓun tsere za su zama kyauta a manhajarsu. Ka ga ko inda manhajar ta daɗe tana aiki, kwantiragi ɗaya ya isa ya sauya hanyar da za ka bi ka same ta.

Ban ga laifinsu ɗari bisa ɗari ba gaskiya, kuɗin haskawa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na abin da Formula 1 ke samu, kuma daga ciki ake raba wa ƙungiyoyi. Kuma abin da mutane da yawa basu sani ba, hoton tseren kansa iri ɗaya ne duk duniya, kamfanin ne ke ɗauka ya haɗa a cibiyarsa ta Biggin Hill kusa da Landan ya aika wa kowa, hatta Monako da ta daɗe tana ɗaukar nata ta miƙa wuya a 2023. Wato tashar da ke karɓar kuɗinka, abin da ta ƙara a kai shi ne masu sharhi da hirar kafin tsere da bayansa. Wannan ne ma yasa na ga gara in biya mai kayan kai tsaye.

Sai dai akwai abin da ke damuna. Yawancin mu ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana wannan wasa, muna canza tasha ne ranar Lahadi muka ci karo da motoci suna ihu muka tsaya. F1 TV an yi shi ne don wanda ya riga ya kamu, babu yaron da zai faɗa ciki bisa tsautsayi, sai ya nemo manhaja, ya buɗe asusu, ya saka kati. Su kamfanin za su ce ai akwai gajerun bidiyo a YouTube da shirin nan na Netflix kan gasar da aka fara a 2019, kuma ba ƙarya bane sun jawo sababbin masoya da yawa. Amma bidiyon minti bakwai wuce-wuce da haɗari kawai yake nuna maka, ba ya nuna maka yadda direba ke lallaɓa taya zagaye talatin don ya far wa na gabansa a ƙarshe, kuma ni a wurina nan ne daɗin yake. IndyCar, wata gasar tseren mota ta Amurka, su sun bi wata hanyar daban, a 2025 suka bar NBC suka koma Fox inda duk tserensu ke kan babbar tashar da kowa ke kamawa. NASCAR kuma, ita ma gasar Amurka ce, daga 2025 sun yanka kakarsu gida huɗu, Fox da Prime Video da TNT da NBC, mai son ganin komai sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan kam haba. Brazil ma gasar ta bar Globo ta je Band a 2021 sannan aka sanar da komawarta Globo a 2026, su dai har yanzu suna da rabonsu a tashar kyauta.

Don haka kafin ka saka katinka, shiga shafinsu ka duba ko Pro ne ake sayarwa a ƙasarku ko Access kaɗai, don sunayen suna kama kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Ka kuma sani in ka yi tafiya zuwa ƙasar da wata tasha ke riƙe da haƙƙin ita kaɗai, kai tsayen na iya ƙin buɗewa ko da ka biya. Masu cewa a bi ta VPN a ɓoye ƙasar da ake, ya saɓa wa ƙa'idojin da ka amince da su lokacin buɗe asusu, in aka rufe maka babu inda za ka kai kuka. Biyan shekara ya fi sauƙi in ka lissafa, amma daga tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu babu tsere sai gwajin motoci, ni dai wata wata nake biya, in kaka ta ƙare in dakata, in Maris ya matso in leƙa labarai in ga ko an sa hannu a wani sabon kwantiragi kafin in sabunta.