MikroTik hEX a shago da gida: abin da mai saye ya kamata ya sani

Ga mai shagon POS, ɗakin buga takardu ko ƙaramin ofis a Kaduna da intanet ke yawan yanke masa, na'urar rarraba intanet (router) ta MikroTik hEX samfurin RB750Gr3 ta ci kuɗinta. Tana da kafofin jona wayar intanet 5 na gigabit, RAM 256MB da kafar USB. Ba ta da Wi-Fi, sai an haɗa mata na'urar watsawa daban.

Babban amfaninta shi ne riƙe layin intanet biyu, idan ɗaya ya yanke ta koma ɗayan. A sa fiba ko Starlink a kafa ta 1, modem na 4G a ta 2. A buɗe WinBox, manhajar saita ta, ta adireshin 192.168.88.1, a cire kafa ta 2 daga bridge (rukunin kafofin cikin gida), a ba layin farko distance 1, na biyu 2, don ta fifita na farko. A nan mutane ke tuntuɓe: check-gateway, saitin da ke duba ko layi na aiki, na duba modem ɗin layin ne kawai, don haka idan modem na kunne amma data ta ƙare, ba za ta koma ɗaya layin ba. Maganinsa a saita Netwatch, mai sa ido da ke cikin na'urar, ya riƙa taɓa adireshin Google 8.8.8.8, a kuma ba shi umarnin sauya layi idan babu amsa.

Tana karɓar wuta daga volt 8 zuwa 30, batir mai 12 zai riƙe ta idan an ɗauke NEPA. Da damina tsawa kan biyo wayar da aka ja ta rufin kwano ta ƙone kafa, a sa mata abin kariya.

Saitinta na da wuya ga sabon hannu. Gidan da layi ɗaya ya wadatar ba ya buƙatarta. Wanda ya saya ya sa kalmar sirri mai ƙarfi, ya sabunta RouterOS, manhajar da ke tafiyar da ita, tun ranar farko.