Fim ɗin da ya nuna mini abin da Baba yake gani

Ƙanena da ke karatun likitanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne ya turo mini The Father, ya ce in bari sai kowa ya kwanta. Na kalle shi a gidanmu na Mabera, Baba yana barci a ɗakin da ke jikin nawa. Fim ne na 2020, Florian Zeller ɗan Faransa ya ba da umarni, Anthony Hopkins ya fito a dattijon, Olivia Colman kuma ɗiyarsa. Da shi Hopkins ya ci kyautar Oscar a 2021, yana da shekara 83.

Labarin ba shi da yawa: tsoho a wani gida a Landan, ruɗewa ta kama shi, ɗiyarsa na fama. Abin da ya girgiza ni shi ne ba a tsayar da mai kallo a gefe yana tausayin tsohon ba, an sa shi cikin kansa ne. Ɗiyar ta shigo da wata fuska daban. Kayan ɗaki suna canjawa ba a faɗa maka ba. Maganar da aka gama sai ta sake dawowa. Har na ɗauka wayata ce ta haɗa mini fim biyu.

Sai ga maganar agogo. Tsohon yana ɓoye agogonsa, ya manta, ya ce mai kula da shi ta sace. Nan na dakatar da fim ɗin, na daɗe zaune. Shekara biyu ke nan Baba yana zargin maiɗakina da ɗauke masa rediyo, ita da ke dama masa kunu, take wanke masa kaya. Na sha ɗaga masa murya, ina cewa, “Baba, ka ji tsoron Allah!” Ashe shi a wurinsa gaskiya yake faɗa. Dangi sun ce gigin tsufa ne, wasu sun ce sammu, an yi rubutu an yi hayaƙi, sai da likita ya gaya mana cuta ce da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali. Na ji bayanin likitan, amma bai shige ni ba sai a daren nan. Ayar Suratun Nahli kan wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa, har ya rasa sanin abin da ya sani, ita ta yi ta zo mini.

Akwai inda fim ɗin bai zauna mini ba. Ya ƙare a gidan kula da tsofaffi, abin da a Sakkwato ko furta shi abin kunya ne. Ban ga laifin ɗiyar ba, ita kaɗai ce. Mu muna da yawa, amma nauyin a kan mace ɗaya yake sauka, kuma wannan fim ɗin bai san irin gidanmu ba. Turanci ne zalla, kuma a waya ƙananan canje-canjen ɗakin suna kuɓuce wa ido. Wanda ke da talabijin ya kalla a can.

Da asuba Baba ya sake cewa an ɗauke rediyonsa. Na ce, “To Baba, tashi mu nema tare.” Muka same shi cikin kwandon goro, ƙarƙashin darduma.