Mai bugu biyu ko mai bugu huɗu: wane inji ya fi raga wa ruwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya wane inji za ka ɗaura wa ƙaramin jirginka na shan iska, tsohon mai bugu biyu da aka yi maka tayi ko mai bugu huɗu, kuma ka ce ba ka son ɓata tafkin da kake kai yara.

Mai bugu biyu, wato wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, yana da farin jini ba banza ba. Ba shi da nauyi, mutum ɗaya ya saɓa shi a kafaɗa, yana da saurin ɗauka, gyaransa kuma ba wuya. Matsalar tana cikin ƙirarsa. Akwai ɗan lokacin da ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi suke buɗe tare, sai wani kaso na man ya zarce ko ƙonewa bai yi ba. A tsofaffin masu kafireto, abin da ke zubewa haka yakan kai kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Salansar injin jirgi kuwa a ƙarƙashin ruwa take. Ka tayar da shi da sassafe, ruwa na kwance, ka leƙa baya: za ka ga maiƙo mai launin bakan gizo yana bin farfela. Kuɗinka ne wannan, kuma a nan yara za su yi iyo. Dalilin da ya sa ke nan aka hana irinsu shiga tafkin Tahoe na Amurka tun 1999.

Mai bugu huɗu man injinsa na zaune a mazauninsa daban, kamar na mota. Ya fi tsimin fetur, ƙararsa kaɗan ce, har ku yi hira yana aiki. Sai dai ya fi nauyi da tsada, kuma yana son juye kusan duk bayan awa 100 na aiki. Wanda ya juye tsohon mai a bakin ruwa, to, ya yi tufka ya yi warwara.

Ni dai mai bugu huɗu zan ɗauka, bayan na duba ko bayan jirgin zai iya ɗaukar nauyinsa. Idan tayin na sabbin masu bugu biyu ne da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, wannan magana ce daban, sun fi tsofaffin tsabta nesa ba kusa ba.

Ba ka ambaci na lantarki ba, amma in tafkin ƙarami ne kuma ba gudu kake so ba, ka duba shi. Tun 1909 jiragen lantarki ke jigilar masu yawon buɗe ido a tafkin Königssee na Jamus. Batirin ne dai ba ya jure tsere.

Kowanne ka saya, ka cika tanki a kan tudu, kuma ka rage wuta idan ka doshi gaɓa, domin igiyar da jirgi ke tayarwa tana cin bakin ruwa, farfela kuma na yanke ciyawar da kifi ke ƙwai a cikinta.