Bukkokin masu hawan dutse na dajin Pfalz a Jamus: yanda na same su

Jama'a duk wanda yake zaune a wajajen Mannheim, Ludwigshafen, Karlsruhe ko ma Frankfurt kuma har yanzu bai taɓa shiga dajin Pfalz ba, gaskiya yana asarar abu mai kyau kuma mai arha. Abin da nake so in yi magana a kai shi ne bukkokin nan na ƙungiyar Pfälzerwald-Verein da ke kan duwatsu, inda masu tafiyar ƙasa ke tsayawa su ci abinci su huta, da kuma hasumiyoyin leƙe da ke kusa da su. Na san abin da ke hana da yawa daga cikinmu zuwa, ana jin an ce yankin giyar inabi ne sai mutum ya ce toh ni me ya kai ni. Eh yankin giya ne, hanyar da suke kira Deutsche Weinstraße ta bi ta nan, kilomita 85 daga Bockenheim har Schweigen a bakin iyakar Faransa, tun 1935 aka buɗe ta. Amma gonakin inabin a ƙasa suke, gindin duwatsu. Da zarar ka wuce layin gona na ƙarshe ka shiga inuwar itatuwa, wata duniya ce daban, kuma mutum zai wuni a can lafiya lau bai kusanci abin da addini ya hana ba in dai ya san abin da zai tambaya.

Ita ƙungiyar an kafa ta ne a 1902 a Ludwigshafen, kuma abin da ya fi burge ni da tsarinsu shi ne da yawa daga cikin bukkokin 'yan sa kai ne ke gudanar da su. Dattawa ne maza da mata, wasu sun yi ritaya, wasu suna da aikinsu a gari, amma ranar Asabar da Lahadi za ka same su sun ɗaura atamfar girki suna zuba miya, suna wanke kofuna, ba don albashi ba. A 2021 ma an saka wannan al'ada ta bukkokin cikin jerin al'adun gado na ƙasar Jamus. Wallahi kana gani a fuskarsu cewa wurin nasu ne, ba irin hidimar gidan abinci na cikin gari ba da ake maka murmushin dole.

Na fi zuwa Kalmit, shi ne dutse mafi tsawo a dajin Pfalz, mita 673. In ka sauka jirgin ƙasa a tashar Maikammer-Kirrweiler sai ka ratsa garin Maikammer, ka bi ta cikin gonakin inabi, daga nan hawa ya fara kuma hawa ne na gaske, kusan mita 500 za ka ɗaga sama, ƙafa za ta ji a jikinta. Da farko itatuwan da suke kira Keschde ne suka cika hanya, 'ya'yansu na cikin bawo mai ƙaya, a watan Oktoba suna zubowa ƙasa har sai ka riƙa kallon inda za ka taka, za ka ga iyalai da yara ɗauke da jakunkuna suna tsinta, in aka gasa su ɗanɗanonsu kamar dankalin Hausa da aka gasa a toka. Kana ƙara hawa sai ƙasar ta koma jan yashi, itatuwan su koma dogaye masu siraran ganye, iska ta canza ƙamshi. Hanyoyin duk da alama, fenti ne a jikin itace ko dutse, wani ja wani shuɗi wani fari, in ka riƙe alamarka ba za ka ɓata ba. Dan Allah kar ka dogara da waya kawai don akwai kwaruruka da sabis ke ɗaukewa gaba ɗaya.

A can ƙoli akwai bukkar Kalmithaus da farfajiya mai teburan katako, kuma daga nan ne ake ganin abin da ya sa aka sha wahala. Filin kogin Rhine gaba ɗaya shimfiɗe a gabanka, ƙauyuka masu jan rufi a jere, gonakin inabi layi-layi, can nesa hayaƙin masana'antun Ludwigshafen, in gari ya washe har duwatsun Odenwald da na Schwarzwald za ka hango a ɗaya ɓangaren. Hasumiyar da ke kan Kalmit ba a buɗe take ga jama'a ba, ta na'urori ce, saboda haka kar ka sa rai da hawanta, farfajiyar ta wadatar. Akwai kuma titin mota har kusa da ƙoli, wannan alheri ne ga tsofaffi da masu ƙananan yara, amma shi ne yake sa ranar Lahadi mai rana wurin ya cika maƙil, layin karɓar abinci ya yi tsawo. Kafin ka sauko ka ɗan ratsa ta Felsenmeer, manyan jajayen duwatsu ne birjik a cikin daji, yara suna son wurin sosai.

Wanda kuma burinsa ya hau hasumiya, ya je dutsen Weinbiet, mita 554, saman garin Neustadt. Daga tashar jirgi da ƙafa za ka tafi, ba ka buƙatar bas. Akwai tsohuwar hasumiya ta dutse tun ƙarni na 19, matakalarta a matse take, kana fitowa sama iska za ta buge ka har sai ka riƙe hula, kuma bukka na nan gefenta. Hasumiyar dutsen Eckkopf da ke saman garin Deidesheim ita ta ƙarfe ce, kana hawa kana ganin ƙasa ta tsakanin matakala, mai tsoron tsawo ya yi tunani tukuna. Amma wadda ta fi taɓa min zuciya Luitpoldturm ce, ta 1909, tana can tsakiyar daji nesa da gonakin inabi, daga samanta ba ka ganin komai sai tuddai kore bayan tuddai har iya ganinka, ba gari ba hayaniya, sai dai ka ce tabarakallah. Zuwa can ba mota da wuya, wannan kam gaskiya ce. Sunayen Luitpold da Ludwig da za ka yi ta cin karo da su kuwa, dalili shi ne daga 1816 zuwa 1918 yankin ya kasance ƙarƙashin sarakunan Bavaria, shi ya sa ma Sarki Ludwig na ɗaya ya gina gidan hutunsa Villa Ludwigshöhe a saman Edenkoben.

Toh yanzu maganar ci da sha, nan ne ya kamata ɗan uwa Musulmi ya buɗe ido. Abincin da suke alfahari da shi, Saumagen da Bratwurst da Leberknödel, ka ɗauka duk akwai alade a ciki. Miyar wake ko ta dankali ma da za ka ga kamar ba komai, sau da yawa da naman alade aka dafa ta ko an yanka tsiran alade a kai, sai ka tambaya kafin a zuba. Abin da na fi ci shi ne Weißer Käse, farin cuku mai laushi da albasa da ɗan ganye, a haɗo maka da dafaffen dankalin turawa ko burodi mai kauri, bayan hawan dutse wallahi yana shiga. Sai kek, wanda a bukkoki da yawa matan ƙungiyar ne ke gasowa daga gida, na tuffa ko na cuku, da kofi mai zafi. Wajen abin sha in ka ce Schorle kawai giya za a haɗa maka da ruwan gas, sai ka faɗa cikakke, Traubensaftschorle, wato ruwan inabi zalla da ruwan gas, a zubo maka a babban kofin nan nasu mai ramuka-ramuka na rabin lita. Sannan a kaka akwai abin da ake sayarwa a bakin hanya mai suna Neuer Wein, kalarsa kamar lemo kuma da zaƙi, amma ya riga ya fara zama giya, kar a ba yara kar kai ma ka sha.

Abubuwan da ban ji daɗinsu ba ma zan faɗa. Da yawa cikin bukkokin ba kullum suke buɗewa ba, wasu sai ƙarshen mako, wasu da ƙarin Laraba, kuma da yamma da wuri suke rufe kicin. Akwai wata da muka nufa a tsakiyar mako da yara, mun gaji, ruwan gorarmu ya kusa ƙarewa, muka tarar da ƙofa a kulle, har banɗaki a kulle, kuma ba wata sanarwa a farkon hanya da za ta gaya maka. Ranar raina ya ɓaci sosai saboda yaran. A wata kuma na tambayi abin da ke cikin miya, wanda ke zubawa ya ce ba nama, ina juya cokali sai ga gutsattsarin nama a ƙasan kwano, shi a wajensa ɗan wannan ba nama ba ne, da na koma dai ya ba ni haƙuri ya canza min da cuku bai karɓi ƙarin kuɗi ba. Kati ma ba ko'ina ake karɓa ba, ka riƙe tsabar kuɗi. Kuma kai za ka yi wa kanka hidima, ka je kanta ka biya, ka ɗauko tirenka, in ka gama ka mayar da kwanuka.

Sallah ba matsala, daji ne, ka ɗan kauce daga hanya ka shimfiɗa dadduma, ba wanda ya taɓa ce min uffan, sai dai ka zo da ruwan alwala kuma ka tuna daga ƙarshen Oktoba rana na faɗuwa da wuri, Azahar da La'asar da Magariba duk a matse suke. Lokacin zafi kuma akwai kaska a cikin ciyawa, in an dawo gida a duba jikin yara.

A wajena huɗu da rabi cikin biyar na ba bukkokin, rabin da na cire saboda ranakun buɗewa ne da ƙarancin abincin da ba alade. In kana da Deutschlandticket, wato tikitin wata-wata na Jamus, jirgin yanki da bas duk ya ɗauke ka, hawan hasumiyar Weinbiet da ta Luitpold kuma kyauta ne. Wanda zai fara, ya fara da Weinbiet ranar Asabar da safe, ya sa takalmi mai ƙarfi, kuma tun daren Juma'a ya duba a intanet ko bukkar za ta buɗe.